An Ɗaure Shi a Ƙasa, An Sake Shi a Sama: Musayar Baiti a Zangon Kumasi

Ɗan Aboabo

Salamu alaikum jama'a. Ga maganar da ta hana mu tashi daga teburin mai shayi jiya. Mai amsa ya amsa da baiti, ban da zagi, ban da jam'iyya.

Da sunan Allah nake farawa,
Mai hukuncin da ba a ɗaukaka ƙara.

Ku matso kusa 'yan'uwa na zango,
Ku ji abin da ke ci na tun bara.

Alƙali ya zauna ya ji shaidu,
Ya ce mutum ya yi shekara tara.

Muka ce alhamdu, mugu ya tafi,
Unguwa ta huce, an kwashe shara.

Kwatsam sai ga shi a bakin titi,
Yana rabon alewa ga yara.

Wai alƙalai uku na kotun sama
Sun duba takarda sun ce da gyara.

In dai hukunci riga ce a tuɓe,
Don me tun farko aka fara?

Hajiyar Kejetia

Ɗana, ka taɓo min inda ke ciwo.

Ni aka fasa wa shago da dare,
Atamfa da leshi suka tattare,
Kwaɗo biyu na tarar a karye,
Ko ƙyalle ba su bar mini ba.

Na bar kasuwa na hau torotoro,
Na tsaya gaban alƙali da tsoro,
Lauyansu na yi mini tambayar horo,
Ban fasa faɗin abin da na sani ba.

Aka ɗaure ɗaya, na ce madalla,
Na koma gida na ƙara da salla,
Na wanke ido na share ƙwalla,
Ban san da sauran magana ba.

Sai ga labari wai an sake shi,
Wai ɗan sanda ne ya daddake shi,
Ya amsa laifi don a ƙyale shi,
Kuma ko ƙyallena ba a samu gunsa ba.

To ni yanzu wa zan kama?
Bashin masu kaya ya kai sama,
Shi an ba shi haƙƙinsa da dama,
Nawa haƙƙin ba a ambata ba.

Malamin Asawase

Hajiya, Allah ya mayar da alheri. Ɗan Aboabo, tambayarka ta girmi kotun Turawa.

Annabi Dawuda ya yanke hukunci
Kan tumakin da suka ci gona dare ɗaya.

Sulaimanu ɗansa ya duba ya gyara,
Allah ya ba su ilimi gaba ɗaya.

Umaru ya rubuta wa Abu Musa
Kan hukuncin da alƙali ya yanke jiya:

In ya wayi gari ya hango kuskure,
Kada jiya ta hana shi komawa ga gaskiya.

Mai ƙara shi ke kawo hujja,
Mai musu, rantsuwa ce tasa kariya.

Ana tunkuɗe haddi in akwai shubuha,
Gara a yi kuskure wajen yafiya.

Ikirarin da kulki ya ciro daga baki,
Ko ni ne zan amsa kafin safiya.

Wanda ya yi dukan shi ya cuce ki,
Ya rufe fayil, ɓarawonki ya kama hanya.

Ɗan Aboabo

Allah ya ƙara sani Malam, sai dai Abu Musa ba ya zama a kotunan Gana.

Malam, na ari amsa-amonka,
Ga tambayar da ba ta buƙatar lauya.

A 2015 ɗan jarida Anas ya ɓoye kyamara,
Ƙasa ta zauna ta kalli abin kunya.

Alƙalai 34 aka ambata,
Wani sidi ya karɓa, wani akuya.

Kafin shekarar ta kai ƙarshe,
An sallami 20 rana ɗaya.

To in an ce mini an soke hukunci,
Da me zan gane, shari'a ce ko dukiya?

Baba Mai Goro

Yara, ku matsa in zauna. Ku kuna kukan alƙali ya saki mutum. Mu mun ga zamanin da in ya saki mutum shi ne zai kwana ba aiki, wani ma ba rai. Jikata ke buga min wannan a waya, in an ga tuntuɓe ita za a tambaya.

A 1958 aka kafa wata doka,
Ba tuhuma, ba shaida, sai tsarewa.

Baffour Akoto, kakakin Sarkin Asante,
Dattijon garin nan, ya sha kullewa.

Danquah ya tsaya masa a Kotun Ƙoli,
A 1961 ta ce ba ta da ta cewa.

Shi kansa lauyan a kurkukun Nsawam ya ƙare,
A 1965 can ya yi rasuwa.

Bam ya tashi a Kulungugu a 1962,
Nkrumah ya ji rauni, Allah ya yi kiyayewa.

Aka kama ministoci Adamafio da Ako Adjei
Da Crabbe, ana so a kai su ga ratayewa.

Alƙalin alƙalai Sir Arku Korsah ya auna shaida,
Ya ce ukun nan ba abin kamawa.

Mako bai cika ba aka tuɓe shi,
Hukuncin nasa aka yi wa shafewa.

Aka sake zama gaban wani alƙali,
Aka yanke kisa, daga baya sassautawa.

Ran 30 ga Yuni a 1982,
Dare ya yi, dokar hana fita na tafiya da kowa,

Aka bi gida-gida aka ɗau alƙalai uku,
Ɗayarsu mace ce tana shayarwa.

Koranteng-Addow, Sarkodee, Agyepong,
A Bundase aka harbe su har da ƙonawa.

Dukkansu sun duba ɗaurin zamanin soja,
Sun ce wasu fursunonin a yi sakewa.

In ka je Akra gaban Kotun Ƙoli,
Siffofinsu na nan, tsaya ka yi dubawa.

Akuyar Anas ta ba ni haushi, ɗana,
Amma kar haushi ya kai ka ga roƙawa

A ɗaure hannun mai buɗe ƙofa,
Mu da muka ga rufaffiya ba ma son komawa.

Makanikin Suame

Baba, Allah ya ƙara girma. Ni baƙin mai ne a hannuna, baitina ba zai yi kyau kamar naku ba.

Baba, sunayen da ka kira manya ne,
Masu lauya, masu ƙafa a mulki.

Ni yarona nake tunawa a gareji,
Mai miƙo min sifana in ina aiki.

An kwashe su a samame da dare,
Doka ta ce awa 48 ne a ciki.

Awa ta zama wata, wata ya zama shekara,
Wai fayil ya ɓace, abin mamaki.

Ba a ce ya yi ba, ba a ce bai yi ba,
Ƙuraje sun gama cinye masa jiki.

Uwarsa na dafa wake da shinkafa,
Ta kai, a caccaka da cokali a bincika ciki.

Sai da alƙali ya shiga har gidan yari,
Shirin da aka fara a 2007, na kirki.

Ya buɗe takarda ya ga ba komai,
Ya ce tafi gida, yaron ya kasa buɗe baki.

Wannan fa ba a ma yanke masa ba,
Ina ga wanda aka yanke wa, ba shi da ɗaki?

Ɗaukaka ƙara sai an buga bayanan shari'a,
A biya wannan, a biya lauya, daki-daki.

Wani malamin makaranta can Tamale,
A 2005 aka ɗaure shi, wai ya yi wa ɗaliba ciki.

Shekara 15 aka yanka masa,
Yana rantsuwa, ana yi masa tsaki.

Sai da Kotun Ƙoli ta sa a gwada jini,
Ɗan ba nasa ba ne, aka riƙe baki.

A 2017 ne aka wanke shi,
Shekara 12 ba suna, ba allo, ba aiki.

Ɗan Aboabo na kukan waɗanda suka fito,
Ni ina kukan waɗanda suka rage a ciki.

Ɗalibar Lauya

Iyayena da yayyena, ina gaisuwa. Ban zama lauya ba tukuna, amma ga yadda abin yake a takarda.

Ku ba ni wuri in tsoma baki,
Abin da muke karantawa zan taƙaita.

Kotun sama ba ta cika kiran shaidu ba,
Abin da aka rubuta a ƙasa take bita.

Alƙalai uku ne, ba mutum ɗaya ba,
Kowane dalili sai sun rubuta.

Ba kowane ɗan kuskure ke rushe hukunci ba,
Dokar kotuna ta 1993 ta bambanta.

Sai an ga zalunci mai nauyi ya auku,
Wanda ya taɓa shari'ar har gindinta.

Gwamnati ma in ba ta gamsu ba,
Kotun Ƙoli na nan, ta je ta gwada sa'arta.

Can alƙalai biyar ne mafi ƙaranci,
Yaya, akuya nawa za ka kai mata?

Kuma akuyar da ke sayen saki
Tana sayen ɗauri, kar ka manta.

In an sayi alƙali an ɗaure ka,
Ta wace ƙofa kake son ka fita?

Ga Tsatsu Tsikata, tsohon shugaban kamfanin man Gana, an ɗaure shi a 2008,
Shekara biyar kotu ta ambata.

Shugaba Kufuor zai sauka ya yi masa afuwa,
Ya ce ba ya so, a mayar da ita.

Afuwa na nufin ka yi an yafe,
Shi tuhumar yake so a kankare ta.

Ya bi ƙararsa har zuwa 2016,
Kotun ɗaukaka ƙara ta soke ta.

Kawu na Suame, sashe na 14 na tsarin mulkin 1992, wanda ya kawo awa 48 ɗin nan, shi ne kuma ya yi zancen diyya ga wanda ya yi zaman ɗauri sannan aka wanke shi a ɗaukaka ƙara. Sai dai ba a hannu ake miƙa ta a bakin ƙofa ba, Kotun Ƙoli ce ke dubawa ta ga ko ya cancanta.

Malamin Asawase

'Yata, kin tuna min da wanda ya riga kowa ƙin fita haka nan.

Ɗan aiken sarki ya zo wa Annabi Yusufu,
Ya ce fito, bai ɗaga ƙafa ko ɗaya.

Ya ce koma ka tambayi ubangidanka,
Matan da suka yanki hannu, ina gaskiya?

Sai da matar Azizu ta faɗa da bakinta,
Sannan ya fito, ba tabo, ba kunya.

Makanikin Suame

Malam, Tsikata lauya ne da kansa,
Ya san kowace ƙofa da kowane ɗaki.

In yarona aka ce wa ga afuwa,
Da gudu zai fito, ko takalmi ba zai ɗauka a ciki...

Baitin ya karye, ku yi haƙuri, an kawo mota.

Ɗan Aboabo

Ƙanwata, kin iya lissafin akuya,
Na ji, biyar sun fi ɗaya wuyar tara.

Amma mai rabon alewar unguwarmu,
Har yau in ya gifta muna janye yara.

Ku kun karanta dalilin da aka rubuta,
Mu Turancin kotu bai zo mana ba tun bara.

A fassara mana shi a rediyon zango,
In na ji da kunnena, sai mu ƙara.

Hajiyar Kejetia

Na ji Malam, na ji Baba, na ji kowa,
Ban ce a ɗaure marar laifi don in ji daɗi ba.
In ba shi ne ba, Allah ya ba shi haƙuri,
Amma atamfata ba ita ta fita da ƙafarta ba.

'Yata lauya, ke nake tambaya. Tunda an ce ba shi ne ba, wa zai koma ya nemo wanda shi ne?

Ɗalibar Lauya

Hajiya, sakin mutumin bai rufe maganar fasa shagon ba. Shi ne ba za a sake gurfanarwa kan wannan laifin ba idan wankewar ta tabbata, sauran da suka shiga shagon kuwa ba abin da ya hana a neme su. Ana iya rubuta wa 'yan sanda takarda a nemi su sake buɗe bincike, a kai kwafi ofishin Antoni Janar na yankin Asante. Ba zan ce miki za su tashi da gudu ba.

Hajiyar Kejetia

To ki zo shago ranar Asabar da safe,
Kafin masu bashi su zo su tsare,
Rasit ɗin kayan na nan a leda a ɗaure,
Ki taho da biro, ni ban iya Turancinsu ba.