Wace gaɓa ake dannawa a dogayen kalmomin Turanci?

Ɗalibar aji shida: Assalamu alaikum malamai. A takardar furucin Turanci ta WAEC ana rubuta kalma sau huɗu, kowace da gaɓa ɗaya a manyan baƙaƙe, a ce a zaɓi wadda ake dannawa, wato wadda ake furtawa da ƙarfi fiye da sauran. Akwai ƙa'ida ne, ko sai hadda?

Malamin furuci: Wa alaikumus salam, 'yata. Akwai, kuma a wutsiyar kalma take. Dubi ɗafa-ƙeya. Idan kalma ta ƙare da -tion, -ic ko -ity, nauyin yana kan gaɓar da ke gabaninsa: eduCAtion, ecoNOmic, aBIlity. Su -ee, -eer da -ese kansu suke ja wa nauyin: refuGEE, engiNEER, JapaNESE. Su kuwa -ness, -ful, -ly da -ment ba ruwansu, inda saiwa ta ajiye shi nan yake zama: HAPpy, HAPpiness. Bambancin ɗafa-ƙeya ne ya sa saiwa ɗaya take ba da PHOtograph, phoTOgraphy da photoGRAphic. Sai 'yan tawaye kaɗan ga ƙa'idar -ic, irin ARabic da POlitics, waɗannan kam a haddace su.

Malama mai koyar da Turanci: Malam ya gama magana, sai dai kafin nan ki iya ƙirga gaɓa. Sautin wasali ake ƙirgawa, ba harafi ba. Make gaɓa ɗaya ce, strengths ma haka duk da tarin baƙaƙenta. Ɗafin -ed ba ya ƙara gaɓa sai bayan sautin t ko d: want-ed biyu, walked ɗaya. Nan Bahaushe yake tuntuɓe, don gaɓarmu ba ta farawa da baƙi biyu, sai harshe ya cusa wasali, yadda bread ta koma burodi. Da kin cusa shi, lissafi ya lalace.

Mai nazarin harshe: A kalma mai gaɓa biyu, sau da yawa suna yana ɗaukar nauyi a farko, aikatau a ƙarshe: REcord da reCORD, EXport da exPORT. Ban da irin respect da control, su kullum a ƙarshe. Kuma dannawa ba karin sama na Hausa ba ne kawai. Gaɓar tana ƙara tsawo da ƙarfi, wasulan maƙwabtanta kuma su raunana har su kusa ɓacewa. A ƙamus, ɗan tsayayyen layi a sama yana zuwa daf kafin gaɓar da ake dannawa, ba bayanta ba.