Akwatin maiɗakina ya maƙale a hanya, mun kuma rasa jirgin Kafadokiya: ina neman shawara

Mai tambaya, daga Kano:

Assalamu alaikum, iyayena da 'yan'uwana. Ni da maiɗakina muna Istanbul yanzu haka, hutu ne ya kawo mu, amma tafiyar ta zo da tangarɗa tun daga tushe. Jirgin da ya ɗauko mu daga gida bai tashi a kan lokaci ba, ko da muka sauka a birnin da za mu sauya jirgi, wanda zai kawo mu Turkiyya ya riga ya tafi, sai washegari aka sa mu a wani. Da muka iso akwatina ya fito, nata bai fito ba, alhali a cikinsa tufafinta suke gaba ɗaya har da maganin da take sha kullum. An rubuta mana wata takarda a teburin kayan da suka ɓata, aka ce za a kira mu, har yanzu shiru.

Matsala ta biyu ita ce, tun a gida na sayi tikitin zuwa da dawowa daga Istanbul zuwa Kayseri a wurin wani kamfani daban, domin mu je yankin Kafadokiya da ke kusa da Kayseri mu hau manyan balan-balan ɗin nan masu ɗaukar mutane zuwa sama da take sha'awa, kuma jinkirin ya sa jirgin ya tashi ba mu. Ina son a ba ni shawara a kan abin da doka ta ba mu game da akwatin, da kuma ko in sayi sabon tikiti mu tafi, ko mu haƙura mu ƙarasa hutun a nan. Kwanakin da suka rage mana ba su kai mako guda ba.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi:

Wa alaikumus salam, Malam. Allah ya bayyana kayan. Takardar da aka ba ka ita ce ma'aikata ke kira PIR, kuma a samanta akwai lamba mai haruffa biyar da alƙaluma biyar, wadda da ita ake bin sawun akwati a shafin kamfanin. Ka ɗauki hotonta tare da ɗan ƙyallen lambar kaya da aka manna muku a lokacin awo, sannan ka tabbata sunan otal ɗinku da lambar wayar da ke aiki a Turkiyya su ne a rubuce, domin sau da yawa akwati yakan iso ya zauna a ɗakin ajiya ana ta kiran layin Najeriya da ba ya shiga.

Dokar da ta shafe ku ita ce Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya da Turkiyya duka suka shiga. A ƙarƙashinta kamfani ne ke ɗaukar asarar da jinkirin kaya ya jawo, wato kuɗin da fasinja ya kashe wajen sayen tufafi da kayan wanka na larura, amma sai da rasiti. Idan akwatin ya iso, kana da kwana 21 daga ranar da aka miƙa maka shi ka shigar da ƙorafi a rubuce. Idan kuwa ya zo a fashe ko a yage, kwana 7 kacal ne. Idan ya kwana 21 bai bayyana ba, doka ta ɗauke shi a matsayin ɓatacce. Iyakar diyyar ga fasinja ɗaya, tun daga ƙarshen Disamban 2024, ita ce SDR 1,519 a ma'aunin Asusun Ba da Lamuni na Duniya, kimanin dala dubu biyu ke nan, kuma wannan rufi ne, ba a biyan sa haka kawai sai gwargwadon abin da mutum ya iya tabbatarwa. Abin da mutanenmu ke yawan kuskurewa shi ne ɗaukar PIR a matsayin ƙorafin kansa. Rahoto ne kawai, ƙorafin neman biya daban ake aika shi, da sunan maiɗakinka tunda kayan nata ne.

Hajiya mai saro kaya a Laleli:

Ɗana, kada ku zauna a ɗaki kuna jiran waya. Ku hau jirgin ƙasan nan na kan titi mai lamba T1, ku sauka a Laleli, inda matan Kano da na Legas ke saro dogayen riguna da mayafai, ta zaɓi abin da zai ishe ta. Masu shagunan sari ba kasafai suke rubuta rasiti ba sai an nema, saboda haka ku nema, ko kuwa ku shiga manyan kantuna masu na'urar buga rasiti. Kada kuma ku saki hannu da sunan za a biya ku, domin kamfani yakan duba ko abin da aka saya na larura ne. Maganin ya fi tufafin gaggawa. Duk shagon da kuka ga an rubuta Eczane, kantin magani ne. Ku nuna musu hoton kwalin ko ainihin sunan sinadarin, idan suka ce sai da takardar likita, ma'aikatan otal za su nuna muku asibiti mafi kusa. Kuma daga yau, a ko da yaushe magani da tufafin kwana ɗaya su kasance a jakar hannu, sauran kayan kuma ku raba su, rabin nata a akwatinka, rabin naka a nata.

Wani ɗan'uwa daga Kaduna:

Ni ra'ayina shi ne ku tafi Kafadokiya, kada ku ƙarasa hutun a Istanbul. Ba kowace shekara mutum ke samun bizar Turkiyya da kuɗin jirgi ba, kuma dominta aka shirya zuwa Kafadokiyar. Daga Istanbul zuwa Kayseri bai kai awa ɗaya da rabi a sama ba, daga can zuwa garin Goreme kuma kimanin awa ɗaya ne a mota. Ko ba a hau balan-balan ba, akwai gidajen da aka sassaƙa a cikin duwatsu da birnin ƙarƙashin ƙasa na Derinkuyu, waɗanda babu irinsu a Istanbul. Tunda tikitin dawowa yana hannunka, na zuwa kawai za ka saya.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi:

Gafara dai, ɗan'uwa, a nan ne mutane ke faɗawa rami. A ƙa'idar yawancin kamfanoni, idan fasinja bai hau zangon farko na tikiti ba, na'ura kan soke sauran zangunan da kanta, saboda haka mai yiwuwa ne tikitin dawowar ya riga ya mutu. Malam ya kira kamfanin ya ji matsayinsa kafin ya kashe ko lira ɗaya. Haka kuma, da yake tikitin daban aka saye shi, wannan kamfani na biyu ba shi da alhakin jinkirin na farko, iyakar abin da za a iya nema a wurinsa shi ne kuɗin harajin filin jirgi na tafiyar da ba a yi ba. Asarar kuwa sai a haɗa ta cikin ƙorafin da za a aika wa kamfanin da ya yi jinkirin, ko da yake ba zan yi maka alkawarin za su amince ba.

Ɗalibi a Istanbul:

Yaya, da izinin manya zan ƙara wani abu. Balan-balan da asuba suke tashi, kuma hukumar jiragen sama ce ke ba da izini kowace safiya gwargwadon ƙarfin iska, shi ya sa wanda ya je da dare ɗaya ko biyu zai iya dawowa bai hau ba. Ga kuma akwatin, wanda a bisa al'ada adireshin da ke kan takarda ake kai wa. Idan kuka bar gari, sai ya riƙa bin ku a baya. Ku lura kuma filayen jirgi biyu ne a nan, babban yana ɓangaren Turai, Sabiha Gokcen kuma yana ɓangaren Asiya, tsakaninsu tafiya ce ta kimanin awa ɗaya ko da babu cunkoso.

Kwanakin da suka rage muku ba za su ma ishe ku ganin birnin ba. Aya Sofiya, wadda aka kammala a shekarar 537 a matsayin coci, ta zama masallaci bayan Sultan Muhammad Alfatih ya ci birnin a 1453, aka mayar da ita gidan tarihi a zamanin Ataturk, sannan aka dawo da salla a cikinta a 2020. Masu yawon buɗe ido suna biyan kuɗi su hau benen sama, amma ku da kuke Musulmi kuna iya shiga ku yi salla a lokacinta. Masallacin Sultan Ahmad mai hasumiya shida yana fuskantarta, taku kaɗan ne tsakaninsu. A bayanta kuma fadar Tofkafi take, inda akwai ɗakin da aka adana alkyabba da takubban da ake jingina wa Manzon Allah, sallallahu alaihi wa sallam, da sahabbansa, waɗanda aka kawo bayan Sultan Salim ya ci Masar a 1517, kuma ba a daina karatun Alƙur'ani a wurin dare da rana. Fadar tana rufe ranar Talata, babbar kasuwar birnin mai rufi, wato Grand Bazaar, kuma ranar Lahadi, sai ku tsara ranakunku a kan haka. A ganina masallacin Sulaimaniyya, wanda Mimar Sinan ya gama a 1557, ya fi na Sultan Ahmad daɗin zama, domin babu turereniya, kuma daga harabarsa ana hango ruwa da birnin. Ku sayi katin hawa motoci da jiragen haya na birnin, wato Istanbulkart, ku shiga jirgin ruwan haya daga Eminonu zuwa Uskudar da la'asar sakaliya; kuɗinsa bai taka kara ya karya ba idan aka kwatanta da na masu tare baƙi a bakin ruwa suna tallar zagayen Bosforus, mashigin ruwan da ya raba birnin biyu.

Malama daga Zariya:

Ban ji an ambaci Ayyub Sultan ba, wato unguwar da kabarin Abu Ayyub Al'ansari yake, sahabin da ya sauki Annabi a gidansa lokacin hijira, wanda ya rasu a bakin ganuwar birnin a zamanin Mu'awiya. Ku je sallar asuba a can idan da hali. Sannan Malam, ka zauna da ita ka gaya mata duk abin da aka faɗa a nan game da iska da tikiti, ka bar ta ta zaɓa, tunda burin nata ne kuma kayan da suka ɓata ma nata ne.

Mai tambaya, daga Kano:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka da alheri. Na kira kamfanin, kuma kamar yadda Baba tsohon ma'aikacin filin jirgi ya faɗa, an soke tikitin dawowar daga Kayseri. Mun yi shawara, ita da kanta ta ce mu zauna. Mun samu maganin, na kuma gyara lambar wayar da ke kan takardar. Abin da ya rage shi ne komawa gida, domin tazarar sauya jirgin da aka ba mu awa ɗaya ce da 'yan mintuna, a filin da muka kwana.

Tsohon ma'aikacin filin jirgi:

Tunda tafiyar komawar tikiti ɗaya ce, idan jinkirinsu ya sa kuka rasa jirgi na biyu, su ne za su sa ku a wani ba tare da ƙarin kuɗi ba, kuma ka nemi abinci da masauki a teburinsu da bakinka, kada ka jira a yi maka tayi. Ka tambaya tun yanzu ko akwai jirgin da ya riga naku tashi daga Istanbul a ranar, ka nuna musu abin da ya faru a zuwa, wani lokaci sukan sauya ba tare da tara ba. Idan ranar tafiya ta yi akwatin bai zo ba, ka je teburin kaya kafin awo ka sa a mayar da adireshin zuwa na Kano. Idan kuma ka aika ƙorafi suka yi biris da kai, hukumar kula da sufurin jiragen sama ta Najeriya, NCAA, tana da sashen kare haƙƙin fasinjoji, sai ka kai musu kwafin PIR da tikiti da rasitai.