Wa ya karanta littafin sufeton nan?

Maman Biyu: Salam jama'a, wa ya gama sabon littafin nan na binciken kisa a Kasuwar Kurmi? Wai shi ne na farkon marubuciyar, ni dai har asuba ina karantawa wallahi.

Ɗan Fagge: Na gama Hajiya, ta yi ƙoƙari sosai, mun gaji da soyayya kullum, amma fa kes ɗin kisa ba ya zama hannun DPO, hedikwatar 'yan sandan Kano da ke Bompai ake turawa wajen 'yan CID, nan ta ɗan kauce.

Ummi: Ni tun babi na 6 na zargi direban, yawan shirunsa ya yi yawa.

Maman Biyu: Haba Ummi, wasu ba su kai can ba fa!