In biya malami ko in haƙura da ajin dare?

Ɗan Zandar: Salamu alaikum 'yan uwa. Ina Bresha a Italiya, saura wata biyu in zauna jarrabawar Italiyanci ta matakin B1, wadda tun ƙarshen 2018 galibi ba a karɓar neman zama ɗan ƙasa sai da ita. Nahawu bai dame ni ba, bakina ne matsalar. Kullum malamar ajin dare na CPIA, makarantar gwamnati ta koyar da manya, sai ta tsayar da ni: na ce par-LA-no, ta ce PAR-la-no. Abitano ma wai a gaɓar farko ake danna murya. In nemi malami na biya, ko in ci gaba a haka?

Baban Ummi: Wa alaikumus salam. Yi ta kallon labarai a talabijin, kunne zai buɗe.

Hajiyar Napoli: Ƙanena, kar ka ba kowa sisinka. Ni wani na biya Yuro 300 gaba ɗaya, darasi uku ya yi mini a kicin ɗina, yana shan shayina, daga nan wayarsa ta daina shiga. Ranar jarrabawa ina so in ce faremo, za mu yi, na ja harafin ya koma faremmo, da mun yi. Matar ta ɗago kai ta kalle ni, sai gwiwata ta yi sanyi, sauran duk na rikice. Har yau in na tuna shayin nan raina ɓaci yake.

Baban Ummi: 300? Hajiya an cuce ki. A nan awa Yuro 15 ce.

Ɗan Kumasi: 15 a ina? Ni 25 aka ce mini a Milan.

Ɗalibi a Faruja: Abin fa yana da ƙa'ida. Inda kake danna murya a parlo, nan za ka danna a parlano, wutsiyar ce kawai ta ƙaru. A-bi-to, A-bi-ta-no. Baƙi biyu iri ɗaya kuwa rabawa ake, fat-to, kamar kulle a Hausa. Mu da muke bambance gari na tuwo da gari na mutane ba tare da alama ba, wannan ba zai gagare mu ba.

Baban Ummi: Yaro, shekara 16 ina ƙasar nan, ba ƙa'idar da na haddace kuma ina cin abincina.

Ɗalibi a Faruja: Baba, ai cin abinci daban, jarrabawar baka daban.

Ɗan Kumasi: Ku dai ku riƙa ninka n ɗin hanno da anni, in ba haka ba ya koma ano, wato dubura, likita za a tura ku 😂

Ɗan Zandar: To malamin fa?

Hajiyar Napoli: Ko ka ci ma sai ka jira. Ni sabunta takardar zama kawai, wata takwas ina yawo da rasit a jaka.

Baban Ummi: Takwas? Ki gode Allah Hajiya, nawa har ya yage a tsakiya, da salatif na haɗa shi.