Hawan Blue Mountain da dare: in je ko in haƙura?

Maman Iman: Assalamu alaikum. Ina aikin jinya a Kingston, babban birnin Jamaika, abokan aikina sun shirya hawa ƙololuwar dutsen Blue Mountain a watan Oktoba. Za a kwana a masaukin Whitfield Hall, a tashi ƙarfe 2 na dare don a kai sama kafin fitowar rana. Ina da asma, ba mai tsanani ba, kuma ba ni da mota. Wanda ya taɓa hawa ya faɗa min tsakani da Allah: zan iya, ko in tsaya iya Holywell, wurin shaƙatawar nan da ke cikin duwatsun?

Ɗan Zazzau: Wa'alaikumus salam. Ki je kawai, Hajiya. Mita 2,256 ne, duk Jamaika babu inda ya kai shi tsayi. Ki dai cika tankin motarki tun daga Papine.

Maman Iman: Malam, ai na ce ba ni da mota.

Baban Sadiq: Ƙanwata, ni a Oktoban na je, kuma har yau gwiwata ba ta dawo daidai ba. Daga ƙauyen Mavis Bank muka ɗauki shatar tsohuwar Land Rover, hanyar duk kwazazzabo. Tun a gangaren nan da ake kira Jacob's Ladder ruwa ya tsuge. Ɗan jagoran da muka biya ya yi gaba da matasan cikinmu, ya bar ni da fitilar waya, ga laka har idon sawu. Bayan Portland Gap, wurin hutawa da ke kan hanyar, itatuwan gajeru ne, gansakuka ta lulluɓe su, ko'ina santsi. Da kyar na kai sama, haƙorana na haɗuwa don sanyi. Me na gani? Hazo. Ko tafin hannuna ba na gani sosai. Taimama ma ta gagara don babu busasshiyar ƙasa, da ruwan gora mai kama da ƙanƙara na yi alwalar Asuba. A saukowa na zame, wasu manoman kofi ne suka tallabo ni, Allah ya saka musu. Direban kuma ya ce sai na ƙara kuɗi tunda na ɓata masa lokaci.

Anti Nas: Subhanallahi, sannu Baban Sadiq. Nawa ya karɓa?

Baban Sadiq: Dalar Amurka 100, ban da ƙarin.

Ɗan Zazzau: Kai! An yanke ka. Mu 50 muka ba da, zuwa da dawowa.

Anti Nas: Ni da dalar Jamaika na biya, ko rabin haka bai kai ba, don 'yar ƙasa ce ta yi mana ciniki.

Baban Sadiq: Ɗan Zazzau, kai da ka juya daga Portland Gap? Rabin hanya ka yi, shi ne kake tura mai asma?

Ɗan Zazzau: Kai kuma da damina ka je. Kowa ya san Mayu da Oktoba ruwa ake yi a ƙasar nan. Hawa guda cikin ruwa bai mai da kai gwani ba.

Likitan Mandeville: Ku bar musun nan. Iska mai sanyi da hawan tudu duka suna tayar da asma, kuma can sama babu asibiti kusa. Maman Iman, ki ga likitanki tukuna, abin shaƙarki ya kasance a aljihu, ba a ƙasan jaka ba. In ni ne, Holywell zan fara gwadawa, sannan in jira rani.

Ɗan Zazzau: Likita, ka taɓa hawa?

Sarkin Barci: Ƙarfe 2 na dare, ba tahajjud ba, ba sahur ba? Wai don a hango ƙasar Kyuba daga can sama. Ku turo min hoto in na tashi.

Ɗan Zongon Kumasi: Ba don Kyuba kaɗai ake zuwa ba, yallaɓai. A dazukan nan Nanny da mutanenta, bayin da suka ƙwaci kansu, suka gagari sojojin Ingila har aka yi sulhu da su. An ce asalinta daga wajenmu ne, ƙasar Akan. Hotonta ne a takardar dalar Jamaika 500. Tarihin nan na cikin dalilan da suka sa hukumar UNESCO ta saka gandun dajin nan cikin wuraren tarihi na duniya a 2015. Ni da na je Moore Town, garin mutanen Nanny, sai da idona ya cika da ƙwalla.

Anti Nas: Gaskiya ne, amma abin da ke ci min rai shi ne da zarar an ji harshenka sai farashi ya tashi. Aiki nake a nan, haraji nake biya, amma kullum kuɗin 'yan yawon buɗe ido ake yanka min.

Baban Sadiq: Har kofi! Na saya a bakin hanya a matsayin na Blue Mountain, na kai tsaraba gida, ashe gauraye ne. Mai kyaun yawanci Japan ake kaiwa.

Ɗan Zazzau: Ka duba hatimin da ke jikin ledar kuwa?

Maman Iman: Na gode muku duka. To wa ya san motar haya da ke zuwa Holywell ranar Asabar?

Anti Nas: Baban Sadiq, nawa ka sayi kofin?