Tsohuwar kyanwa na fama da mura, ido ɗaya ya rufe da kwantsa

Maman Kuliya:

Assalamu alaikum. Don Allah masana dabbobi a taimaka da shawara. Kyanwa ce 'yar shekara 13, nauyinta kilo uku da rabi. Yau kwana takwas tana atishawa. Majinar da fari ruwa-ruwa ce, yanzu ta yi kauri ta koma ruwan ɗorawa. Idon hagu ya yi ja, kullum a runtse yake, da safe kuma kwantsa ta manne shi. Tun jiya in an ajiye mata abinci sai ta shinshina ta juya. An ce in ba ta rabin farasitamol, in kuma ɗiga mata maganin ido mai dexamethasone. Ban ba ta komai ba tukuna. Me zan yi a gida, kuma yaushe ne ya zama dole a kai ta asibiti?

Likitan Dabbobi:

Wa alaikumus salam Hajiya. Kin yi daidai da kika dakata. Farasitamol guba ce ga kyanwa, domin hantarta ba ta iya sarrafa shi kamar tamu. Rabin ƙwaya na iya kashe ta: dasashi ya koma ruwan ƙasa, fuska ta kumbura, numfashi ya gagara. Maganin idon nan ma a ajiye shi. Idon da ake runtsewa kullum ido ne mai ciwo, kuma sau da yawa gyambo ne a saman baƙin idon. Duk maganin da ke ɗauke da dexamethasone ko betamethasone yana hana gyambon warkewa, ya ƙara masa zurfi, har idon ya iya fashewa. Kafin a sa komai, likita zai ɗiga wani rini mai suna fluorescein. In akwai gyambo, wurin zai kama launin kore. Gwajin bai fi minti biyu ba.

Yawancin murar kyanwa bairas biyu ne ke kawo ta, herpes na kyanwa da calici. Herpes ya fi taɓa ido da hanci, calici kuma ya fi yin gyambo a harshe da cikin baki. Kyanwar da ta taɓa kamuwa da herpes tana ƙarama, galibi cutar na nan kwance a jijiyoyinta har ƙarshen rayuwa. Tsufa, wani ciwo na daban, sabuwar dabba a gida ko ƙaura su ne ke tayar da ita. Majinar da ta yi kauri alama ce cewa mai yiwuwa bakteriya ta hau kai, kuma a nan ne maganin antibayotik ke da amfani. Ga bairas ɗin kansa ba ya yin komai.

Wanda aka fi farawa da shi shi ne doxycycline, miligiram 10 ga kowane kilo sau ɗaya a rana, na kwana 7 zuwa 10. Ga taki, miligiram 35 ke nan, alhali kafson mutane 100 ne, kusan ninki uku. Likita ne zai auna. Sannan kada a taɓa jefa mata shi a bushe, yana maƙalewa a maƙoshi ya ƙone wurin, daga baya hanyar abinci ta tsuke. A bi shi da ruwa mililita 5 zuwa 6 da sirinji marar allura, ta gefen baki, a hankali. In likita ya zargi Chlamydia, wata bakteriya wadda kan fara da ido ɗaya ta tsallaka ɗayan, maganin na sati huɗu ne, kuma duk kyanwoyin gidan ake yi wa tare. In gyambon na herpes ne, ana ba da maganin bairas mai suna famciclovir, sai dai ga mai shekara 13 a duba ƙoda tukuna, domin ta nan yake fita.

Shawarata a kai ta gobe, kada a wuce haka. Rashin cin abincin ya fi majinar tayar mini da hankali.

Mai Jinyar Dabbobi:

Hajiya, ga abin da za ki yi daga yanzu zuwa lokacin da za ku ga likita. Kyanwa da hanci take cin abinci, abin da ba ta ji ƙamshinsa ba ba za ta taɓa shi ba. Don haka a buɗe hancin kafin a kawo kwano. Ki zuba tafasasshen ruwa a bokiti a banɗaki, ki rufe ƙofa, ki zauna da ita minti 10 zuwa 15 tana cikin kwando mai murfi, nesa da bokitin yadda ba za ta kai gare shi ba. Sau biyu ko uku a rana. Zallan ruwa, ba man zafi, ba ganyen turare. Kafur da irin waɗannan mayukan da muke sirace da su suna cutar da kyanwa.

Da kun fito ɓawon majinar ya yi laushi, sai ki jiƙa auduga da ruwan gishirin asibiti na kashi 0.9, wanda ake sayarwa a kemis, ki ɗora a hancin na ɗan lokaci sannan ki share. Kada ki ɓantare busasshen ɓawo, fatar wurin za ta tsage. Ido ma haka, daga gefen hanci zuwa waje, kowane ido da audugarsa. Ban da kwalli, ban da ruwan tsami, ban da nono.

Nan take ki ba ta abinci mai laushi da ƙarfin wari: kifin gwangwani da aka tsiyaye mansa, ko dafaffiyar kaza da romonta, ba albasa ba tafarnuwa ba magi. Ki ɗumama shi ya yi ɗumin jiki, cokali ɗaya ko biyu, sau biyar ko shida a rana, a faranti mai faɗi. In ta ƙi, ki shafa kaɗan a leɓenta. Kada a yi mata ɗura da ƙarfi, mai toshewar hanci na iya shaƙar abinci ya faɗa huhu. Kyanwar da ta yi kwana biyu zuwa uku ba ci, kitse kan taru mata a hanta, kuma wannan ya fi murar wuyar magani. Ruwa kuwa tana buƙatar wajen mililita 50 ga kowane kilo a rana, har da wanda ke cikin abinci. Ki taɓa dasashinta, in yana danƙo a yatsa ruwan jikinta ya yi ƙasa.

Ki ƙirga numfashinta tana barci, daƙiƙa 30, ki ninka biyu. Ƙasa da 30 a minti lafiya ne. In ya kai 40, ko ta buɗe baki tana haki, ba a jiran gobe. A kuma nisanta ta da turaren wuta, hayaƙin girki da maganin sauro na kunnawa, kuma in ana hazo a rufe tagar ɗakinta.

Malamin Kiwo:

Abu biyu zan ƙara. Mutane kan ɗebo enrofloxacin, antibayotik na kaji, su ba kyanwa. Iyakarsa gare ta miligiram 5 ne ga kowane kilo a rana, kuma in an zarce yana lalata bayan ido ta makance, makantar da ba ta warkewa. Na kaji mai kashi 10 yana da miligiram 100 a mililita ɗaya, ke nan abin da kyanwar Hajiya za ta sha a yini bai kai kashi ɗaya cikin biyar na mililita ba. Tsohuwa mai raunin ƙoda ta fi kowa shiga hatsari.

Na biyu, tsafta. Calici na iya yin kusan wata a kwano da shimfiɗa. Bilic mililita 30 a lita ɗaya ta ruwa, a bar shi minti 10, a ɗauraye sosai. Dettol da Izal kada a wanke mata kwano da su. Likita, me za ka ce game da lysine, sinadarin ƙarin abinci da ake sayarwa don herpes?

Likitan Dabbobi:

Malam, lysine an daɗe ana ba da shi, amma da aka tattara binciken da aka yi ba a ga yana hana cutar ko rage ta ba. Gara kuɗin ya tafi gwajin jini.

Hajiya, in kun je ki roƙi likita ya duba bakinta da kyau. Saiwar haƙoran sama, musamman fiƙa, dab take da kogon hanci. Ruɓaɓɓen haƙori na iya huda wurin ya riƙa kawo majina ta hanci ɗaya, kuma antibayotik sai dai ya lafar da shi, ba zai warke ba sai an cire haƙorin. Ki lura daren nan ko ta hanci ɗaya majinar ke fita, ko akwai jini a ciki, ko gefen fuska ɗaya ya ɗan tasa. Ki kara auduga siririya a gaban kowace ƙofar hanci ki ga ko iska na motsa ta. A wannan shekarun, toshewar gefe ɗaya na iya zama ƙari a cikin hanci, ko cutar naman gwari (fungas), ko tsinken ciyawa da ya maƙale, kuma sai an ɗauki hoto ake ganewa. A kuma yi gwajin FIV da FeLV, wasu bairas biyu na kyanwa waɗanda ke karya garkuwar jiki, tare da na ƙoda. In an fara magani aka yi kwana biyar ba sauƙi, a koma asibiti a sake bincike, kada a canza wani maganin daga kemis. Allurar rigakafin mura kuma sai ta warke sarai. Allah Ya ba ta lafiya.