Hoto a jikin katanga: rage gaba yake yi ko ado?

Malam: Ni maganata ɗaya ce. Abin da JR, mai ɗaukar hoton nan ɗan Faransa, ya yi a 2007 ado kawai ya yi wa katanga. Ya ɗauki fuskokin Falasɗinawa da Isra'ilawa masu sana'a iri ɗaya, direban tasi da direban tasi, malami da malami, ya manna su manya-manya gefe da gefe a jikin katangar da ta raba su. To sai me? Tun 2004 Kotun Duniya ta ce gina ta a yankin Falasɗinawa da Isra'ila ta mamaye ya saɓa wa doka, kuma har yau tana tsaye.

Hajiya: Malam, abin da kotu ba ta rushe ba, ai ba takarda da gam za ka ɗora wa laifinsa ba. Ka dubi hotunan. Ya kawo kyamara dab da hanci, wani ya zare ido, wani ya wage baki yana dariya har dasashi. Mai wucewa ya tsaya neman wane ne nasu, wane ne na can, ya kasa. Wanda bai taɓa ganin maƙwabcinsa ba sai a labaran tashin hankali, wannan ba ƙaramin abu ba ne gare shi.

Yaya: Nan ne fa nake ja, Hajiya. Kama da wane ba ta wane. Mutumin Baitalami sai da takardar izini, sai ya bi layin shingen bincike, kafin ya shiga Ƙudus. Jera su kafaɗa da kafaɗa suna dariya yana ɓoye wanda makullin ƙofa ke hannunsa.

Hajiya: Amma a kan me aka manna dariyar? A kan kankare mai tsayin mita 8. Duk wanda ya kalli fuskar dole ya ga katangar. Haka JR ya yi a Tecate, wani gari a kan iyakar Meksiko da Amurka, a 2017: ƙaton hoton wani ɗan ƙaramin yaro ɗan Meksiko yana leƙen Amurka ta saman shinge, daga baya aka shimfiɗa abinci, mutanen ɓangarorin biyu suka ci tare.

Malam: Wuni ɗaya ke nan. Shi da fasfon Faransa ya hau jirgi ya tafi.

Yaya: Wannan kam ban bi ka ba, Malam. Tafiyarsa ba ta dame ni ba. Waɗanda suka ba da fuskokinsu su ne suka zauna da maƙwabta suna amsa tambayar me ya sa suka yarda, kuma ra'ayinsu nake son ji kafin namu.